Shekara shida a gareji, da ranar da na ƙona wayarin a-kori-kura

Makon jiya aka yaye ni daga garejin da na shekara shida ina koyon wayarin mota a wajen garin Gumel. An yi addu'a, an raba dabino, Maigida ya sa mini albarka, na kuma gode masa. Amma akwai wata Laraba da har yau ban haɗiye ta ba.

Wani dattijo ne ke da motar, Peugeot 504 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Da ita yake kai tumaki da buhunan gero Maigatari duk Alhamis. Ya ce siginar hagu ta daina kamawa, har an tare shi a hanya sau biyu. Maigida ko leƙa motar bai yi ba, ya ce makunnin da ke jikin sitiyari ne ya mutu. Aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo na gwanjo, ya iso ana gobe kasuwa, aka ce in ɗaura.

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙasan sitiyarin tsohuwar Fijo ya san abin da na tarar. Wayoyinta da lamba ake gane su, to lambobin sun goge, hannu goma ya yanka ya ɗaura, salatif ya narke ya zama danƙo. Na kunna makulli, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji har na gano mai wuta. Sai na ci gaba da kwance tsohon makunnin ban kashe makulli ba, ban cire kan batir ba. Wannan laifina ne, ban taɓa musun sa ba. Wayar ta suɓuce ta taɓa ƙarfen sitiyari. Na ji tsss, sai warin roba, sai farin hayaƙi yana fitowa ta bayan dashbod. Kafin in zare kan batir, wayoyi sun manne da juna kamar dafaffiyar taliya.

A ƙa'ida fis ne zai yanke nan take, domin aikinsa ke nan: shi ya mutu, waya ta tsira. Da na buɗe gidan fis sai na ga an nannaɗe shi da zaren tagulla mai kauri. Na san wanda ya nannaɗa, don ni na riƙe masa tocila wata huɗu kafin nan.

A gaban dattijon da sauran yara Maigida ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa iya aiki ba." Na ce, "Oga, a yi haƙuri." Ban ambaci fis ba, yaro ba ya tona ubangidansa a gaban baƙo. Wata uku ba a ba ni ko kuɗin sabulu ba, wai ana cire kuɗin waya. Dattijon kuwa ya rasa kasuwar wannan makon, shi ne ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Kwana biyu na yi ina sake wayarin ni kaɗai. Na ɗaura sabon makunni, na murɗa hagu: ta gaba na ƙiftawa, ta baya shiru. Na zagaya na kwance fitilar, sai ga tsatsa da fitsarin dabbobi sun cinye inda take kama bodi. Wuta tana fitowa daga batir ta bi fis, ta bi filasha mai sa ƙwai ƙiftawa, makunni ya raba ta hagu ko dama, amma in ba ta samu hanyar komawa ta jikin mota ba, ƙwai ba zai kama ba. Na kankare wurin da sanfefa, na ɗaure noti, sigina ta kama. Aikin minti biyar. Da an fara daga nan, da ba a sayi komai ba.

Don haka ku da kuke koyo: ku gwada kafin ku sa mutum ya sayi kaya, ko da wanda ya girme ku ya riga ya yanke hukunci. Fara da ƙwai, sai at (wato inda fitila take kama bodi), sai fis, sai filasha, makunni ne na ƙarshe. Kada ku nannaɗe fis da waya, ko direba na roƙo. Cire kan batir kafin ka sa sukundireba. Ka sa wa kowace waya alama kafin ka zare ta.

Abin da ya fi damuna shi ne ban gaya wa dattijon gaskiya ba, na bar shi ya biya kuɗin makunnin da bai buƙata. Tsohon yana cikin akwatin kayan aikina, na gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Na aika masa da saƙo ta hannun wani direba cewa na buɗe rumfa a hanyar Maigatari, in ya biyo ya tsaya ya karɓi abinsa.