Kisra biyu da shekara shida a gidan rediyo

Jumma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis. Shekara shida ina rubuta shirin tarihi na daren Lahadi, amma in aka ambaci sunana a sashen, shiri guda ake tunawa, wanda muka yi a kan wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya aika wa sarkin Farisa.

Rubutun da na miƙa ya bambanta sarakuna biyu. Akwai Khusrau na farko, Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, ya yi suna da adalci da gyaran haraji, kuma a zamaninsa aka haifi Annabi (SAW). Akwai jikansa Khusrau na biyu, Parwiz ɗan Hurmuz, wanda ya hau gadon sarauta a 590, rundunarsa ta ci Ƙudus a 614, Hiraƙla sarkin Rum ya karya ta a Ninawa a 627. Parwiz ɗin nan ne sahabi Abdullahi bn Huzafa ya kai wa wasiƙar bayan sulhun Hudaibiyya, shi ya yage ta, kuma ɗansa Shiruya ya sa aka kashe shi a 628. Larabawa duk Kisra suke ce musu, kamar yadda kowane sarkin Rum yake Ƙaisar a bakinsu, to a nan tarkon yake.

Shugaban sashenmu ya ce shirin ya zarce da minti uku. Ya ɗauki biro ya haɗe sakin layi biyu ya zama ɗaya. Ni kuma na shiga ɗakin ɗauka na karanta ba tare da na sake dubawa ba. Da bakina na gaya wa masu saurare cewa sarki mai adalci Anushirwan ne ya yage wasiƙar, mutumin da ya yi kusan shekara hamsin a kabari kafin a rubuta ta. Wannan laifina ne, har yau yana ci mini rai, domin na ɗora wa mamaci abin da bai aikata ba.

Washegari wani dattijon malami ya kira, cikin ladabi ya ce, "Ɗana, kun haɗa kaka da jika." A taron Litinin shugaban nan ya karanto ƙorafin gaban kowa, ya ce yaran yanzu ba sa bincike. Takardar da ke ɗauke da rubutun hannunsa tana cikin jakata. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a gyara," ban fito da ita ba. Aka ɗauke ni daga shirin wata huɗu.

Tun daga ranar ba na rubuta sunan sarki sai da laƙabinsa da shekarun mulkinsa. Na kuma tilasta aka ba ni minti biyu na nemi afuwa a iska, ko da yake shugaban bai so ba.

Ga wanda zai gaje ni: duk takardar da ta dawo daga teburin sama, karanta ta daga farko. Ajiye kwafin asali. In dattijon nan ya sake kira, ba shi lokaci, ya fi littattafan da ke kan kantarmu sanin Madā'in, babban birnin sarakunan Farisa, da mutanenta.