Wayar walda a kafaɗar hagu

Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi, don da hannuna na ɗauki wayar nan na rataya a kafaɗa, kafaɗar hagu kuwa, daidai inda aka dasa mini na'urar bugun zuciya.

Bara aka sa mini ita a cibiyar zuciya ta Korle Bu a Accra, bayan bugun zuciyata ya sauko ƙasa da 40 a minti. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da likita ya ji cewa walda nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, sai ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, wannan sai mun zauna." Ya yi bayani tiryan-tiryan, ina ta gyaɗa kai, alhali hankalina na kan wayar salula. Duk unguwarmu ta Aboabo da ita ake tsorata ni, ita da eriyar kamfanin waya da ke bayan gidanmu. Dokar salula kuwa mai sauƙi ce: santimita 15 tsakaninta da na'urar, ban da aljihun ƙirji, a kara ta a kunnen dama. Wannan na riƙe shi kamar farilla. Maganar da ta shafi abincina kuwa ta bi iska.

Bayan na warke na koma bakin aiki, sai aka kawo shasin tirela da ya tsage. Ƙarfe ne mai kauri, na murɗa inji ya haura ampiya 200. Wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, yaro ya maƙala ta can ƙarshen mota, ban ko duba ba. Ta hannuna kuma tana ta ja na, sai na yi abin da na saba tun ina ɗan koyo, na ɗora ta a kafaɗa. Sandar walda ta farko ta ƙare lafiya. Ina tsakiyar ta biyu na ga duhu yana shigowa ta gefen ido, kunnuwana suka toshe, gwiwoyina suka saki. "Masta! Masta!" Shi ke nan abin da na ji. Yaron ne ya yi tsalle ya kashe inji, Allah ya yi masa albarka, kafin a kawo ruwa har na dawo hayyacina.

A asibiti suka ɗora wani ɗan faifai a ƙirjina, kwamfuta ta fito da duk abin da ya faru, har da lokacin. Likita ya sake bayanin, wannan karon da kunne biyu na saurara. Ƙwayoyin zuciya suna da lantarkinsu: sinadarin sodiyam ya shiga, kalsiyam ya biyo baya, fotasiyam ya fita, tsoka ta matse. Wani ɗan gungu a saman zuciya ta dama shi ke ba da umarni, sau 60 zuwa 100 a minti. Ni hanyar da ke kai umarnin zuwa ƙasa ce ta yanke, don haka na'urar ke kasa kunne. In ta ji bugu ta yi shiru, in ba ta ji ba ta aika nata. Siginar da take saurare 'yar mitsitsiya ce, milibolt kaɗan. To wutar walda mai ƙarfi tana haifar da maganaɗisu kewaye da wayarta, shi kuma ya tayar da ɗan lantarki a siririyar wayar da ke cikin jijiyata, wadda ta haɗa na'urar da zuciya. Na'ura ta ɗauka zuciya ce ke bugawa, ta janye hannu. Zuciyar kuwa tana can tana jiran umarni.

Abin da ke ci mini rai, duk an gaya mini. Kada wuta ta wuce ampiya 160. Santimita 60 tsakanin ƙirji da bakin walda. A murɗe wayoyin biyu tare, a maƙala ta ƙarfe kusa da inda ake aiki, a nisanta inji, kada a tsaya a jiƙaƙƙen wuri ko kan tsani, kada a yi aiki ba kowa kusa. Da ina kan tsani ranar, ko da yaron ya tafi sayen wake da shinkafa, ban san me zan ce ba.

Yanzu aikin ƙarfe mai kauri na bar wa yara, ina tsaye daga nesa ina nuni da sanda. Mai tirelar bai sake dawowa ba. Hajiya kuma duk safiya kafin in fita sai ta ce, "Maigida, ban da kafaɗa."