Mai keke, kada ka tsaya a daman tirela a mararraba

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba na zaune ne a hagu, mai keke kuma na bin gefen dama, inda idon direba bai cika kaiwa ba. A mararraba ake samun matsalar: kai za ka miƙe, motar da ke gefenka za ta karya dama, sai ta datse ka. A ƙa'ida mai miƙewa ke da hanya, mai juyawa ya jira. Amma direban da bai gan ka ba, ta yaya zai ba ka haƙƙinka?

Tirela da tanka sun fi komai haɗari. Kafin tirela ta karya dama, sai ta fara buɗewa hagu. Filin da ya buɗe tsakaninta da bakin kwata shi ke yaudarar mai keke ya kutsa. Tayoyin baya kuwa ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwanar ne su shigo ciki. Nan take filin ya rufe, ga taya ga kwata, ba wajen tsira. Don Allah kada ka shiga wannan fili, ko da motar tana tsaye.

In danja ta tsayar da ku, tsaya bayan babbar motar, inda kake hango madubinta. In ba ka ga fuskar direba a madubi ba, shi ma bai gan ka ba. In kai ka riga isowa, matsa gaba sosai ka waiwaya ku haɗa ido, domin dab da gaban babbar mota ma akwai inda ba ya gani.

Kada ka dogara da sigina, musamman ta 'yan a-daidaita-sahu, masu karyawa da zarar sun hango fasinja. Tayar motar ta gaba za ka kalla, ita ke fara juyawa. Mai gudun kilomita 20 a awa yana cin sama da mita 5 kowace daƙiƙa, don haka yatsu su hau birki tun kafin ka iso. Matsa na gaba da na baya tare. In ka damƙe na gaba kaɗai a kan yashin gefen titi, tayar za ta zame.

Juyawa hagu a babbar mahaɗa kuwa, raba shi biyu: miƙe ka tsallaka, tsaya a kusurwa, juya keken, sannan ka sake tsallakawa in an ba wancan hannun hanya.