Injin samfefa mai hawa da sauka da na saya wa shago

Wallahi duk kafintan da ke yawan haɗa ƙofofin kabad da teburi ya kamata ya san injin nan. Na hannu na saya, wani abokin sana'a ya taho min da shi daga Kano zuwa shagona a nan Gombe, kuma kafin in biya sai da aka kunna aka ɗora min bidiyo na ji ƙarar motar, don in bariyin, wato boris ɗin da motar ke juyawa a kai, ya fara mutuwa kunne ne ke fara gaya maka.

Bel ɗin samfefan a tsaye yake, yana zagayawa yana kuma ɗan hawa da sauka a lokaci guda, to wannan motsin shi ne duk sirrin, samfefan baya cinyewa a layi ɗaya kuma baya ƙona gefen katako ya bar baƙin tabo, musamman madaci da iroko masu tauri. Nawa yana ɗaukar bel mai faɗin inci 6. Ina farawa da samfefa lamba 80 mai kaushi in daidaita gefe, sai lamba 120 da ta fi laushi ta goge, ka shafa yatsa ka ji sumul.

Kar ka danna katako da ƙarfi, riƙe shi sosai a kan teburin ka bari bel ya yi aikinsa, ɗan guntu kuwa fizge shi zai yi daga hannunka. Yarana na shago ban yarda su matso da riga mai faɗin hannu ba.

Ƙura ce matsalar, ga ta harmatan ga ta katako, dole takunkumi da buɗe taga. Sannan ƙaramin janareto baya iya tada shi, a lissafa wannan tun kafin a saya.