Na je neman wuta a fuskar rana, sai na ji ta a rediyon Baba

A watan Mayu na 2024, ana tsakiyar zafin Tawa, na karanta cewa wani tabo ya fito a fuskar rana, faɗinsa ya ninka na duniyarmu kusan sau 15. Masana sun sa masa lamba 3664. Na ce sai na gani.

Ba a kallon rana kai tsaye, ko da hazo ya dusashe ta. Na ɗaure madubin hangen nesa a jikin kujera, na toshe ido ɗaya da kwali, hasken ya ratsa ɗayan ya sauka kan farar takarda. Haka masanin taurari Richard Carrington ya yi a Ingila ranar 1 ga Satumba 1859, har ya ga fashewar wuta a fuskar rana da idonsa. Ni tabon kawai na samu, baƙi-baƙi kamar kashin ƙuda. Na daɗe ina jira har robar cikin madubin ta soma ƙauri. Tun daga ranar ba na wuce minti ɗaya ban rufe shi ya huce ba.

Kwana huɗu ina zana tabon da fensir, kullum ya gusa kaɗan. Ashe rana juyawa take, tsakiyarta na kammala zagaye cikin kwana 25, ƙuryoyinta kuwa sai kusan 35. Wannan saɓanin ne ke murɗe zaren maganaɗisunta kamar igiyar guga. Inda zaren ya cunkushe, zafi ba ya tasowa sosai, sai wurin ya yi duhu. In murɗin ya yi yawa, zaren ya tsinke ya sake haɗuwa, sai wuta ta tashi.

Wata hantsi Baba na ƙarƙashin bedi da rediyonsa, sai gajeren zango ya ɗauke ɗif.

"Kai, Malam, batirin da ka sawo na banza ne."

"Baba, a ba shi ɗan lokaci."

Na duba ma'aunin GOES, tauraron ɗan'adam mai auna ƙarfin fashewar rana, a waya, layin ya haura zuwa ajin X, mafi ƙarfi. Hasken fashewar kan iso cikin minti 8, ya dagula saman iska, ta shanye zangon rediyo a ɓangaren da rana ke haskawa. Can muryoyi suka dawo a hankali.

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce duk da haka in canza batirin.