Na biyar ɗin

Yau kam ban tsinana komai a gidan nan ba wallahi, tun bayan asuba ina durƙushe gaban kular nan da nake ƙyanƙyasar ƙwan talotalo a ciki. Huɗu sun fito jiya da daddare lafiya lau, har sun bushe suna ta tsalle-tsalle, daɗi kamar me. Na biyar ɗin ne ya huda ɓawo tun jiya da hantsi ya tsaya cak, baki kawai yake buɗewa yana rufewa ta 'yar kafar, ga kwana 28 sun cika har sun gota.

Inna ta shigo ta ganni da hantsaki da auduga ta ce, "Ke ki fita harkar ƙwan nan. Wanda bai iya fasa ƙwansa ba ko kin fiddo shi ba zai yi rai ba." Na ce Inna ai wannan a ƙarƙashin uwa ne, nan kuwa kula ce da ƙwan fitila, hunturun nan ya shanye ruwan farantin, danshin da ya kamata ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ya zube ƙasa, ga Auta da buɗe murfi kowane lokaci wai zai gani, fatar ciki ta bushe ta manne masa kamar leda, ta ina zai juya ya fasa? Ta ce su dai kaza suke sa wa ƙwan talotalo ta kwanta, ba su taɓa ɓare wa kowa ba. Ta fita abinta.

Na jiƙa audugar da ruwan ɗumi na shafa a fatar, nesa da hancinsa kar ya shaƙa. Tana jiƙewa sai ga jijiyoyi jajaye sun bayyana, nan take na mayar da shi na rufe, don in ka taɓa su jini zai zuba, kuma alama ce bai gama janye gwaiduwar cikinsa ba. Bayan la'asar sun ƙafe. Na ɓare ta gefen mai faɗin kaɗan-kaɗan har kai da fiffike ɗaya suka fito, rabin ƙasan na bar masa ya ture da kansa saboda cibiya.

Abincin rana sai wajen biyar. Wanki yana nan jiƙe.

Ya fito kafin magariba amma ba ya tsayuwa, sai ya ɗaga kai ya kife, 'yan uwansa na bi ta kansa. Na ware shi a ƙaramin kwali, na ɗiga masa ruwan sukari a gefen baki ya haɗiye. Maganar Inna ce ta tsaya min a rai har yanzu, ko wahala na ƙara masa? Amma da ina kallo ya mutu a ciki da bakinsa a waje, gara haka.

Gobe zan roƙi Yaya ɗan tsako ɗaya ya koya musu tsattsaga, 'yan talotalo ba sa gane abinci da wuri. Ku sa shi a addu'a dan Allah.