Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har bayanai suka daidaita

Alhamdulillahi. Matsalar da ta hana mu barci ta kau, bayanan abokan hulɗarmu sun koma daidai, don haka ya zama wajibi in fito fili in gode wa mutanen da Allah ya kawo sauƙin ta hannunsu.

Ga wanda bai ji labari ba, muna da tsarin aiki mai tafiyar da kansa a n8n, wata manhaja da ke haɗa ayyukan kwamfuta wuri guda. Yana kwaso bayanai, ya gyara, ya zuba a Airtable, wato ma'ajiyar bayanai mai kama da tebur a intanet, kuma a tsakiya akwai ɗan kod na JavaScript, wani harshen rubuta manhaja, da aka rubuta don wannan aikin kaɗai. In an gwada shi da bayanai biyar ko goma, lafiya lau. Ranar da aka sakar masa dubbai, sai wasu suka yi ɓatan dabo, wasu suka shiga sau biyu, ga shi kuma allo yana nuna komai ya tafi daidai. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin kowane layi a teburin nan mutum ne da ke jiran a biya masa buƙata.

Godiyata ta farko ga Malam, babbanmu a wannan sana'a, wanda na san ba ya son a ambaci sunansa. Bai yarda mu yi ta canki-canki ba. Cewa ya yi sai ya ga amsar da sabar Airtable, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun da muke aikawa, ke mayarwa da idonsa. Da aka buɗe, sai ga lamba 429 jere reras, wato buƙatu sun yi yawa. Ya zauna ya warware mana dalili: forEach, umarnin da ke bin bayanan a jere cikin kod ɗin, ba ya jiran await, wato umarnin da ke cewa a jira aiki ya gama kafin a wuce. Kod ɗin yana ganin kamar ɗaya bayan ɗaya yake aikawa, alhali gaba ɗaya yake sakinsu, kamar jama'a sun yi wa ƙofa ɗaya caa. Ƙa'idar Airtable kuwa a rubuce take, buƙata 5 a daƙiƙa ɗaya ga kowane rumbu, wanda ya wuce haka ya jira daƙiƙa 30. Abin da ya ƙara dagula lamarin, akwai wani catch, wato ɓangaren kod mai kama kuskure, da ke haɗiye kuskuren shiru, shi ya sa ba a taɓa ganin jar alamar kuskure a allo ba. Malam ya sa aka koma for...of, umarnin da shi yake jiran await, ana haɗa bayanai 10 a buƙata guda, ana ɗan dakatawa a tsakani, duk wanda ya gaza kuma a rubuta shi gefe da dalilinsa. Da ya so, da ya gyara da kansa ya miƙo mana. Sai ya zaɓi ya sa mu mu rubuta yana kallo. A wurina wannan ya fi gyaran kansa daraja. Malam, Allah ya ƙara girma.

Sai 'yar'uwarmu da ta lura cewa bayanai 100 na farko kawai ake karantowa daga Airtable, ba a bin alamar shafi na gaba. Ita ce kuma ta gano tushen maimaicin: duk sanda aka sake tayar da aikin, daga farko yake somawa. Ta ba da shawarar a ware wa kowane bayani lamba tasa ta kansa, in yana nan a sabunta shi, in babu a ƙirƙira. Yanzu ko an tayar sau nawa ne, ba a samun tagwaye. Hajiya, mun gode ƙwarai.

Ba zan manta da abokan aikina ba, waɗanda suka bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya suna tsince maimaici da hannu. Aiki ne mai cin ido, ba wanda ke yabon mai yinsa, amma ban ji ɗayansu ya yi ƙorafi ba. Haka abokan hulɗar da saƙonsu ya makara suka yi mana uzuri. Duk wanda sunansa ya faɗo a wancan karon an mayar da shi, kuma za mu tuntuɓe shi kafin ƙarshen makon nan in sha Allahu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raba ku da irin wannan tashin hankali a ayyukanku.